Tsiron babban hanji: yadda likitocin Koriya ke yanke hukunci kafin su sa wuƙa

A Koriya ta Kudu, wanda ya kai shekara 50 ana kiransa gwajin bayan gida duk shekara, a nemi jinin da ido ba ya gani. In an samu, sai a zura masa bututu mai kyamara ta dubura a leƙa babban hanji. Da an ga tsiro, wanda zai iya zama sankara, tambaya ta taso: a cire shi ta bututun nan, ko a kai mutum ɗakin tiyata a yanke yankin hanjin?

Ni a ganina hanyarsu ita ce daidai, domin zurfin tsiron suke fara aunawa, girmansa ya biyo baya. Likita zai wanke wurin, ya fesa shuɗin rini ko ya sauya hasken kyamarar, ya ƙura wa fuskar tsiron ido. In ƴan ramukan da ke kansa da siraran jijiyoyin jini suna nan a tsare, cutar tana sama-sama. In zanen ya goge, tsakiyar ta lotsa, wurin ya yi tauri, to sankarar ta nutse, aikin ya koma na masu tiyata. Sannan akwai allurar ruwan gishiri da ake yi a ƙarƙashinsa. Tsiron da bai kama ƙasa ba yakan taso kamar ƙurji. Wanda ya ƙi tasowa abin tsoro ne, kodayake tsohon tabo ma na hana shi tashi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an yi ta gutsurar tsiro shimfiɗaɗɗe da sunan gwaji: tabon da za a bari shi zai wahalar da mai cirewa.

In girman tsiron ƙasa da milimita 10 ne, zarge shi da waya ba wutar lantarki ya isa. Zuwa 20, a ɗaga da allura a zarge. Sama da haka, in ana zargin sankara, sai dabarar ESD da ta faro daga Japan, a riƙa feɗe shi a hankali da ƙaramar wuƙar lantarki har ya fita ɗungurungum. Tana cin lokaci, kuma bangon hanji siriri ne, yana iya hujewa, ko jini ya ɓalle bayan kwanaki. Duk da haka ta fi a cire shi gunduwa-gunduwa, don hakan na iya sa ya sake tsirowa, kuma mai duba nama a madubin ƙara girma ba zai gane iyakarsa ba.

Wannan mai duba naman shi ke da magana ta ƙarshe. In sankarar ta shiga milimita 1 ko fiye ƙarƙashin shimfiɗar hanji, ko ta kutsa jijiyoyi, ko ƙwayoyinta sun rikiɗe ƙwarai, ko sun fara ɓantarewa, ko an tarar da ita a bakin yankan ta ƙasa, sai a ba da shawarar tiyata a kwashe kaluluwar da ke kusa. Kusan ɗaya cikin goma na masu sankarar da ta kai ƙarƙashin wannan shimfiɗa, ta riga ta isa kaluluwa, kuma kyamara ba ta hango can.