Kafin a ƙara wa tsohuwar mota fitila, a fara tambayar wayarta

Na daɗe ina son yin magana a kan yadda ake ƙara wa tsofaffin motoci fitilun hazo da ƙananan fitilun gefe da ƙwayayen LED. Abin ya tsaya mini a rai tun daren da na ji ƙaurin roba yana tasowa daga ƙarƙashin sitiyarin motata, alhali iyalina suna ciki. Da gari ya waye aka buɗe, sai aka tarar cewa wanda ya yi mini aikin fere wayar babbar fitila kawai ya yi, ya murɗa wayar sababbin fitilun a kanta, ya naɗe da baƙin salatif. Makunnin fitila ya riga ya fara narkewa. Har yanzu ina ganin amfanin ƙara wa mota haske, musamman motar da gilashin fitilarta ya dushe saboda shekaru. Abin da nake ƙi shi ne a kashe kuɗi a kan fitila, a yi sakaci da wayar da za ta ɗauke ta.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwan fitilar hazo na halojin, irin wanda ake kira H3, wat 55 yake ci. Guda biyu wat 110 ke nan, kuma a kan batir mai bolt 12 suna jan kimanin amfiya 9, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Manyan fitilun motar su ma kusan haka suke ja idan suna kan dim. A tsofaffin motoci da yawa, duk wannan wutar ta cikin makunnin da ke gaban direba take bi, ta siririyar wayar da aka auna daidai nauyin da kamfani ya ɗora mata tun farko. Wanda ya jingina fitilun hazo a wannan layin ya ninka wa wayar kaya, ita kuwa ta shekara ashirin ko talatin tana shan zafin inji, robarta ta bushe, bakin mahaɗanta ya yi tsatsa. Sakamakon farko shi ne duk fitilun su rage haske. Na biyu shi ne zafi.

Maganin wannan ƙaramin abu ne da ake kira rile, wanda bai kai akwatin ashana girma ba. Idan aka juya shi za a ga lambobi a gindin ƙafafunsa: 30 da 85 da 86 da 87. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta kai tsaye daga batir ta waya mai kauri, ta 87 kuma ta miƙa wa fitilun. Ƙafafu na 85 da 86 su ne na ɗan maganaɗisun da ke ciki, wanda ko rubu'in amfiya ba ya ci, kuma shi kaɗai makunni zai riƙa kunnawa. Ta haka wuta mai nauyi ba za ta shiga cikin mota ba sam. Na fi son a ɗauko wutar da ke tayar da rile daga layin fitilar fakin, domin idan direba ya kashe fitilunsa, na hazo ma su mutu tare, kada ya wayi gari batir ya sauka.

Sai fis, wanda shi ne aka fi raina wa. Mutane da yawa suna zaton fitila yake karewa, alhali aikinsa kare waya ne, shi ya sa wurinsa yana dab da kan batir. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis a buɗe take ga haɗari: in ta gogi ƙarfe ta fere, babu abin da zai yanke wutar sai ta kama. Fis mai amfiya 15, wato mai launin shuɗi, ya ishi fitilu biyu masu wat 55. Idan yana yawan ƙonewa, sanarwa yake yi cewa akwai matsala, kuma wanda ya musanya shi da mai 30 ko ya cusa guntun waya a gurbinsa ya mayar da wayar motar kanta ta zama fis. Haka kuma a kankare fenti da tsatsa a inda za a ɗaure wayar da ke komawa jikin mota, a sa zoben roba a duk ramin ƙarfen da waya za ta ratsa, a kuma cire kan batir mai alamar ragi kafin a taɓa komai.

Batun LED kuwa ya fi dabara, domin matsalarsa ƙarancin cin wuta ce. Tsohuwar mota ta dogara da nauyin ƙwayayenta wajen wasu ayyuka. Ƙwan sigina wat 21 ne, kuma tsohuwar fulasha, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, da wannan nauyin take aiki. Wata tana da siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya yi zafi, don haka in aka sa LED sai fitilar ta tsaya cak ba ƙiftawa. Wata kuma sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta riƙa ƙiftawa da sauri fiye da kima, alhali ƙa'ida ita ce tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. Wasu suna magance wannan da rizisto mai om 6, wato ɗan abin da ake ƙarawa ya ci wuta kamar tsohon ƙwan, amma wannan abu yana mayar da kusan wat 24 zafi tsantsa, har yana iya narkar da robar da ke kusa da shi. A ganina sauya fulasha da wadda aka yi domin LED ya fi tsabta.

Akwai ƙwai guda ɗaya da nake roƙon kowa ya ƙyale shi, wato na alamar batir a dashbod. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikinsa ne altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ke samun 'yar wutar da take fara caji da ita. Idan aka sa LED a wurin, mota na iya tafiya ba ta caji, a yi ta zargin batir da altaneta alhali lafiyarsu ƙalau. Fitilun gefe ma suna da tasu matsalar. Tun 1968 Amurka ta wajabta alamar gefe a jikin motoci, ruwan goro a gaba, ja a baya, kuma a wasu motocin an haɗa ta gaba ne tsakanin layin fakin da layin sigina, ta yadda wuta ke juya hanya. Ƙwan gargajiya bai damu ba, amma LED na yau da kullum ta hanya ɗaya kawai yake kamawa, sai a ga yana yi da rana, da dare ya ƙi, ko akasin haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cusa LED a cikin babbar fitilar da aka ƙera domin halojin. An tsara madubin da ke cikinta ne a kan ɗan zaren ƙwan, a daidai wuri ɗaya. Idan tushen hasken ya gusa ko da kaɗan ne, sai hasken ya watse sama. Direba yana ganin fari fat a gabansa yana murna, amma hangen nesansa bai ƙaru ba, wanda ke tahowa kuwa an kashe masa ido na wasu daƙiƙoƙi, kuma a cikinsu ne zai iya kasa ganin mai tafiya a ƙafa a gefen hanya. Fitilar hazo ma haka take. An yi ta ne ta zauna ƙasa da manyan fitilu, ta shimfiɗa haske mai faɗi a kan kwalta ta ƙarƙashin hazon, domin hasken da ya tashi sama dawowa yake yi idon direba. Duk wanda ya ɗaura ta, ya kai motar gaban bango da dare a fili mai daidaito, ya kunna, ya sunkuyar da ita har sai gefen hasken na sama ya sauka ƙasa da tsayin fitilar kanta, sannan ya kashe ta a duk daren da sama take garau.