Bishiyar Tenere da ake gani a hamada yanzu ba ita ce ta asali ba

Masu sha'awar tafiye-tafiye da ɗaukar hoto da yawa suna ɗauka cewa idan suka bi tsohuwar hanyar ayarin gishiri daga Agadez zuwa Fachi da Bilma, za su tarar da shahararriyar bishiyar hamadar Tenere tsaye ita kaɗai a cikin rairayi. Wannan kuskure ne. Wata babbar mota ce ta kaɗe bishiyar ta faɗi a shekarar 1973, aka kwashi gangar jikinta zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, inda take har yau. Abin da ke tsaye a wurin yanzu siffa ce ta ƙarfe da aka kafa domin tunawa da ita.

Darajar bishiyar ta wuce kyan hoto, domin a dā alama ce da madugai ke dogara da ita wajen gane hanya, kuma lokacin da aka haƙa rijiya kusa da ita an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. A ganina, mai ɗaukar hoto ya fi cin riba idan ya karkata kyamararsa ga raƙuman da ke kai gero su dawo da kantun gishiri da dabino.