Ciwo ne ya kwaso daga fagen daga

Wanda ya ɗauki bidiyon dattijon nan na Sabon Gari, da ku da kuka bi shi da dariya a Facebook, ku ji tsoron Allah. Tayar tirela ta fashe, bawan Allah ya zube ƙasa yana ihun kowa ya kwanta, ku kuma kuka ga abin nishaɗi. Duk unguwarsu an san tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990. Ciwo ne ke damunsa. Ciwo.

Kuma a Zariya fa! Garin da Depot yake tun 1924, inda ake horar da kuratan sojan ƙasar nan. Kakanninmu sun je ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ƙannenmu suna Sambisa da bakin Tafkin Cadi. In akwai garin da ya kamata ya gane wannan lalura, namu ne.

Mutumin da ya kwana cikin rami da gawar abokinsa, jikinsa zai dawo gida, amma firgicin yana nan tare da shi. Barci ya gagara, in ya samu sai mugun mafarki. A buga ƙofa da ƙarfi ya zabura. Ya yi fushi da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ya shige ɗaki yana kuka. Likitoci sun san shi da PTSD, kuma ana maganinsa, ga asibitin Shika, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna. Ban ma zo kan masu kurumcewa saboda ƙarar manyan bindigogi ba, ko masu yawo da ɓarɓashin bom a cinya.

Wani ya rubuta wai wiwi ce. Ko da yana sha, ka tambayi abin da yake neman mantawa? Wani ya ce ai shi ya zaɓi aikin. To, ya zaɓa, shi ya sa kai kake barci har da minshari. Masu cewa aljanu ne, a yi masa addu'a, ban hana ba, amma a kai shi wurin likita. Ciwo ne, malam.

Kada wanda ya kawo min zancen fansho. Da idonmu mun ga tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Ajiye furanni ranar tunawa da sojoji, 15 ga Janairu, ba ya sayen maganin hawan jini.