Hankakan Poe da masu ƙirga adon harshe

Idan aka ba ɗalibi waƙar "The Raven" (wato Hankaka) ta marubucin Amurka Edgar Allan Poe aka ce ya zaƙulo adon harshen da ke cikinta, jadawali yake zanawa: ga kamance, ga siffantawa (kwatanta abu da wani kai tsaye ba tare da "kamar" ba), ga mutuntarwa (ba wa abin da ba mutum ba halin mutum), ga karangiya (maimaita sauti iri ɗaya). Zai ci maki. Amma a ganina bai karanta waƙar ba tukuna.

Waƙar ta fito a Amurka a Janairun 1845, baiti 18 ce. Wani mutum ne zaune da tsakar dare a watan Disamba yana jimamin rasuwar masoyiyarsa Lenore, sai hankaka baƙi ƙirin ya shigo ta taga ya sauka a kan mutum-mutumin Pallas, wadda tsoffin Girkawa suka ɗauka allahiyar hikima. Baƙin ciki ke nan ya hau kan hankali ya zauna, kuma har waƙar ta ƙare bai tashi ba. Babu "kamar" ko "tamkar" da za ta tona maka wannan alamtarwa, shi ya sa mai farautar kalmomi yake wuce ta.

Poe da kansa ya rubuta a 1846 cewa siffantawar farko a waƙar tana baiti na 17, inda mutumin yake ce wa tsuntsun ya zare bakinsa daga zuciyarsa. Ban yarda da shi ba, domin tun a baiti na biyu garwashin murhu yana mutuwa yana barin fatalwarsa a daɓe. Sai dai na gane nufinsa: daga wannan ɗango ne tsuntsun ya tashi daga zama tsuntsu.

Inda na fi saɓawa da masu jadawali shi ne mutuntarwa. Suna rubuta ta wai don hankaka ya yi magana. Ai hankakan can yana kwaikwayon magana (Poe ya ce aku ya fara tunanin sakawa), kuma kalma ɗaya tak ya iya, "Nevermore", wato ba za a sake ba har abada. Mutumin ya san haka, har ya yi hasashen wajen wani ubangida mai rashin sa'a tsuntsun ya haddace ta. Duk da haka ya kira shi annabi, ya tambaye shi ko zai sake rungumar Lenore a aljanna, alhali ya san amsar. Mutuntarwar daga bakin mai makokin ta fito, shi ya ɗora wa tsuntsun ita don ya ƙara wa kansa ciwo.