Tsohuwar Hilux ta gida: a gyara ta, amma kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta

Tun da zafi ya fara shigowa muhawara ɗaya ake yi a zauren gidanmu a Birni, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne a Damagaram. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan sa, ya bar mana Hilux mai shan gazuwal, irin ta shekarun 1990 mai inji 3L. Ita ke kai mu gona, ita ke kwaso gero da harawa, ita ke ɗaukar ƴan biki da ƴan ta'aziyya. Bana yayanmu ya ce a ƙara mata ƙarfi a haɗa mata remok, wato amalanken ƙarfe da mota ke ja a baya, da tankin ruwa, domin duk wanda ya zauna garin nan ya san yadda famfo ke yi da mu daga watan Maris har faɗuwar damina. Ƙanenmu kuwa ya ce a sayar da ita, a cika kuɗi a sayi wadda ta fi ta ƙuruciya, wadda aka ƙera don jan kaya.

Ni ra'ayina kada a sayar, a gyara. Amma gyaran da nake nufi daban yake da abin da yawancinmu ke nufi idan mun ce a ƙara wa mota ƙarfi.

Kafin ma a gama shawara Yaya ya riga ya kai ta wajen wani mai walda. Aka ƙara lam, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, biyu-biyu a baya, aka liƙa ƙugiya a jikin bamba, motar ta fito bayanta a ɗage kamar rago mai shirin karo. Muka aro remok mai tanki na lita 1,500, muka cika shi a hanyar Mirya muka kamo hanyar gida, ni ke tuƙi. Ba gudu nake ba. Wani yaro ya fito da amalanken jaki daga bayan wata bishiyar bedi, na taka birki, sai na ji kamar an sa hannu an turo mu daga baya. Hancin motar ya yi dama, remok ya yi hagu, ruwan ya daki gaban tanki ya koma ya sake dukansa. A cikin yashin gefen hanya muka tsaya, yaron na riƙe da igiyar jakinsa yana kallonmu, taku kaɗan tsakaninmu. Da muka sauka muka tarar bamban ya lanƙwashe, waldar ta tsage rabi. Yaya bai ce komai ba sai salati.

Lissafin da ya kamata mu yi tun a zaure mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 1,500 tan ɗaya da rabi ke nan, nauyin buhun gero 15, ban da nauyin tankin da na ƙarfen remok ɗin kansa. Remok ɗin kuma ba shi da birki ko ɗaya. Ƙa'idar da masu ƙera motoci irin wannan ke bi ita ce remok marar birki kada ya wuce kilo 750 gaba ɗayansa, shi da kayansa. Mun ninka wannan fiye da sau biyu, muka bar birkin mota mai shekara kusan 30 ya tsayar da shi duka.

A nan ne nake ganin mutanenmu na ruɗin kansu da lam. Lam abu ɗaya yake yi: yana hana bayan mota durƙushewa idan an yi mata lodi. Ido ya ga ba ta durƙusa ba, sai zuciya ta ce ta ƙara ƙarfi. Birki yana nan yadda yake, radiyata tana nan yadda take, kuloci da giya da shasi duk ba su san an ƙara komai ba. Akwai ma abin da ya fi wannan, wanda wani dattijon makanike ya nuna mini da muka kai masa motar. Ya sa na durƙusa, ya ɗora yatsa kan wani ɗan ƙarfe da ya taso daga akis ɗin baya zuwa wani ƙaramin bawul a jikin shasi. Ya ce: "Malam, ka ga wannan? Shi ke gaya wa birkin baya an yi lodi. Idan bayan ya sauka sai ya ƙara masa ƙarfi. Kun ɗaga bayan da lam, yanzu ko tan nawa kuka ɗora, a wurinsa motar fanko ce." Wato kuɗin da muka kashe don ƙarfi ya rage mana birki a daidai lokacin da muka fi bukatarsa.

To me zai hana a bi shawarar ƙanenmu? Ba zan ce ba shi da hujja ba. Hilux da aka fara fitarwa a 2015 akwai wadda kamfanin Toyota ya yarje mata jan kilo 3,500 idan remok na da birki, kuma injinta da birkinta sun yi wa tamu nisa. Wanda sana'arsa ita ce jan kaya masu nauyi kullum, daga nan zuwa Tanut ko Magarya, wannan ya nemi mota daidai aikinsa, kada ya ɓata kuɗi a kan tsohuwa.

Mu ba wannan ne halinmu ba, kuma ba shi ne halin yawancin gidaje ba. Da farko a dubi farashi. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, motocin hannu da aka saba kawowa ta tashar Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin kawowa ya ƙaru, ga duwan na jira. Abin da za a ba mu a kan tsohuwar ba zai kai ko'ina ba, sauran miliyoyin kuwa bashi ne ko sayar da fili. Kuma me za mu saya da su? Mota mai shekara goma ko fiye wadda ba mu san tarihinta ba. Hilux nawa ne suka gama cin wuyarsu a hamadar Agadas, aka yi musu fenti aka kawo su kasuwa suna ƙyalli? Tamu kuwa mun san ranar da aka sauke injinta, mun san wanda ya sauke shi.

Sai maganar mai. Injunan Hilux na zamani, wato D-4D da waɗanda suka biyo bayansu, suna fesa gazuwal da matsi mai tsanani, ɗan ruwa ko ƙura kaɗan na iya kashe injekta, wato abin da ke fesa man, kuma idan motar ta tsaya sai an jona ta da kwamfuta kafin a san ciwonta. Gaskiya ne tun 2011 matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu, a cikin gari ana samun mai a gidan mai. Amma wanda ke shiga ƙauye ya san akwai ranar da ba makawa sai ya sha na jarka a bakin kasuwa. Inji 3L famfonsa na ƙarfe ne zalla, yana haƙuri da abin da sabo ba zai haƙura da shi ba, kowane garaji a Zango ko Sabon Gari ya san cikinsa, kayan gyaran da ba a samu a nan ba ana samo su Kano, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Motar gado ce. Muddin tana tsaye a ƙofar gida ta kowa ce, ƴar'uwarmu da ke aure a Matamaye ma ta san idan ta kira za a zo mata da ita. Ranar da ta zama kuɗi kuwa, kowa na da haƙƙin ya ce a ba shi kasonsa, kuma ba wanda zai zarge shi. Na ga gidajen da aka sayar da tsohuwar mota da niyyar sayen sabuwa, yau shekaru ke nan babu tsohuwar babu sabuwar.

Abu ɗaya ne zai sa ni ma in ce a sayar: shasi. Tsatsa ba ta cika damunmu ba a ƙasar nan mai bushewa, tsagewa ce matsalarmu, saboda lodi da hanyoyin burji masu girgiza. A wanke ƙarƙashin motar, a hau da ita kan rami, a bi shasin da fitila, musamman inda lam ke kamawa da tsakanin kabin da akwatin baya. Idan an ga tsaga ko tsohon faci da aka rufe da baƙin fenti, to kada a ƙara kashe ko dala a kan jan kaya. Ta ci gaba da kai yara gona har Allah ya hore wata.

Idan shasi lafiya lau ne, kuɗin ya tafi inda ido ba ya gani. Birki gaba da baya, da tiyo-tiyonsa, da sabon man birki. A wanke radiyata ko a canza ta, domin jan kaya a zafin Afrilu da ya wuce digiri 40 shi ke ƙona kan inji. Kuloci, da bel ɗin cikin inji idan ya kai kilomita 100,000. Tayoyi a duba lambobi huɗun da ke gefensu masu nuna lokacin da aka ƙera su, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don taya mai kyan zane na iya zama ta tsufa ta bushe. Ƙugiya kuwa a ɗaure ta da kusoshi a jikin shasi, da sarƙa biyu na ko-ta-kwana, da fitilun baya a jikin remok. A loda kaya ta yadda gaban remok zai ɗan fi nauyi, kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyinsa ya zauna kan ƙugiya, in ba haka ba zai riƙa wutsiya da mota. Tankin ruwa kuma a cika shi fal, rabin tanki ya fi cikakke haɗari saboda ruwan na kai-komo a ciki. Kafin a hau kwalta a tambayi masu asiransi ko takardar ta haɗa da remok. Babban lodi na sau biyu ko uku a shekara, kamar kwaso amfanin gona, a ɗauki hayar kamiyo.

A gidanmu an cire lam ɗin da aka ƙara, dattijon ya mayar da bawul ɗin daidai. Shasi ya fito ba tsaga. Mun ba da aikin ƙaramin remok mai tankin lita 500, tano biyu da rabi ke nan, sawu biyu idan bukata ta yi yawa. Ƙanenmu har yanzu bai gamsu ba, ya ce a sake zama bayan kaka. Da na ce wa Yaya sawu biyu zai ci mai da lokaci, sai ya ce: "Na ji. Ni dai har yanzu fuskar yaron nan mai jaki nake gani."