Kullum Yahudawa a bakinmu, amma mun san su kuwa?

Daren jiya a teburin mai shayi hira ta gangaro kan Gaza, kamar yadda ta saba. Wani abokinmu, mai digiri har biyu, ya bugi ƙirji ya ce ai Yahudawa ran Lahadi suke cika coci, kuma alade ne cimarsu. Kowa ya gyaɗa kai. Da shekara uku baya ne, da ni ma na gyaɗa. Sai na ce masa, "Malam, wannan kalmar Asabar da kake faɗa kowane mako, daga ina ta samo asali?" Ya yi shiru. Daga Larabci ce, as-sabt, wadda Yahudawa ke kira Shabbat, ranar ibadarsu. Kuma duk azumi sai mun ji malamai a tafsiri sun kawo ƙissar mutanen bakin teku da suka yi wa dokar Asabar dabara don kama kifi. Mun ji da kunne, bai shiga kai ba.

Abin da ke damuna ke nan. Da wuya a sami al'ummar da muke ambata kamar Yahudawa, da wuya kuma a sami wadda muka jahilta kamarsu. Mun mai da kalmar wani buhu da muke zuba komai a ciki: Bature Bayahude ne, ɗan kasuwa mai wayo Bayahude ne, allurar rigakafi makircin Yahudu ce. Alhali dukansu a duniya ba su wuce kusan miliyan 16 ba, ko kusa da yawan Hausawa ba su kai ba, kuma mafi yawansu a ƙasashe biyu suke, Isra'ila da Amurka.

Kafin wani ya ce na sha ruwan wasu, ya tuna cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kamar rabin wata, ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. Dalilin ma shi ne rashin amincewa da su a kan wasiƙa. Wato ko wanda ba ka yarda da shi ba, sai ka san harshensa.

Da na fara karatun, abin da ya fara ba ni mamaki kamanni ne. Bayahude mai riƙo da addini ba ya cin alade, ba ya cin mushe, ba ya cin jini, sai an yanka dabba a wuya da wuƙa mai kaifi. Dokar abincinsu, wadda suke kira kosha, ta ma fi tamu tsauri. Raƙumi haramun ne a gare su. Kifi sai mai ɓawo a jiki, don haka farfesun tarwaɗar da muke rububi ba ya shiga bakinsu. Nama da nono ba sa haɗuwa a ci ɗaya, har tukwane da cokula daban ake ware musu. Ka ga ke nan wanda ya ci tsire ba zai kora da fura da nono nan take ba, sai ya jira, wasu har awa shida. Suna yi wa ɗa namiji kaciya a kwana na takwas. Suna addu'a sau uku a rana, safe da la'asar da dare, kuma jam'i ba ya ƙulluwa sai da mutum goma. In an yi mutuwa, a wanke mamaci, a sa shi a farin likkafani, a gaggauta binne shi, iyali su zauna zaman makoki kwana bakwai. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shabbat kuwa tana kamawa ne daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, domin su ma yininsu da magariba yake farawa. Masu tsanantawa ba sa hura wuta, ba sa tuƙi, ba sa taɓa waya, ba sa ciniki. Na yi tunanin ni da ba na iya ajiye wayata na awa ɗaya, na ji kunya. Babban azuminsu, Yom Kippur, awa 25 ne ba ci ba sha, a rana ta goma ga watan farko na shekararsu. Ko a sunayen ma za ka ji ƙamshin Larabci: yom da yaum, shalom da salam, tsedaka da sadaka. Harsunan 'yan gida ɗaya ne.

Ban ce addini ɗaya ba ne. Ba su yi imani da Annabi Isa ba, ba su yi imani da Annabi Muhammadu (SAW) ba, kuma wannan ba ƙaramin saɓani ba ne. Amma ba sa cewa Allah uku ne, kalmar da suke maimaitawa safe da dare ita ce Ubangiji ɗaya ne. Wanda ya cakuɗa su da Kiristoci bai san ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Tarihi ya fi ɗaure kai. Bukhtanassar na Babila ya rushe ɗakin ibadarsu na Ƙudus a 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka rushe na biyu a shekara ta 70. Talmud, babban littafin fiƙihunsu, wanda aka fi dogara da shi a Iraƙi aka tattara shi. Malaminsu da suka fi ji da shi, Musa bin Maimun, a Ƙurɗuba ta Andalus aka haife shi, ya zama likita a fadar Masar zamanin Salahuddin, ya rasu a 1204, kuma da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa. Da sarakunan Sifen suka kore su a 1492, daular Usmaniyya ce ta buɗe musu ƙofa. Kisan mutum miliyan shida da aka yi musu zamanin Hitler, a Turai aka yi shi.

Amma kada mu yi wa kanmu kwalliya da yawa. A daidai wannan zamanin na 1492 ne Shehu Magili, wanda ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa shawarwarin mulki, ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat, a cikin Aljeriya ta yau. Alƙalin Tuwat na lokacin bai goyi bayansa ba, aka yi ta musayar fatawa tsakanin malaman Magrib. Mu nan sunan Magili kawai muka sani. Wannan ɓangaren ba a cika faɗa mana ba.

Inda jahilcin ya fi cutar da mu shi ne kan Falasɗinu. Sahyoniyanci harkar siyasa ce da Theodor Herzl ya haɗa wa taro a Basel a 1897, ta haifi Isra'ila a 1948. Addinin ya girme ta da dubban shekaru. Akwai Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, irin su Neturei Karta, da ke ganin kafa ƙasar saɓo ne, suna fita zanga-zanga da tutar Falasɗinu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta B'Tselem, ta cikin Isra'ila, ita da kanta ta kira tsarin ƙasar mulkin wariya a 2021. A Amurka kuma Kiristocin da ke ɗaure wa Isra'ila gindi sun fi Yahudawan ƙasar yawa nesa ba kusa ba. In ka fito intanet kana zagin kowane Bayahude, ka jefi masu taya ka kuka, ka kuma miƙa wa gwamnatin da kake adawa da ita hujjar cewa duk mai sukarta ƙiyayyar jinsi ce ke cinsa.

Abokin nawa ya kawo mini ayar Ma'ida mai maganar tsananin ƙiyayyarsu ga muminai. Na ce haka take, ban musa ba. Na ce ya buɗe Ali Imrana, aya ta 113, inda aka ce laisu sawa'a, ba duka suka zama ɗaya ba. Na tuna masa Abdullahi bin Salam da Nana Safiyya daga cikinsu suka fito, kuma Annabi ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin Bayahude. Ya kurɓi shayinsa, ya ce shi fa zancen tarwaɗar nan ne bai yarda da shi ba, sai ya bincika.