Benci ba ya ganin abin da mai cafe ke gani

Tun watan Satumban 2025, da ƙungiyar besbol ta Miami Marlins ta karɓe zaɓen irin jifar da za a yi daga hannun mai cafe, wato ɗan wasan da ke cafe ƙwallon da mai jifa ya wurgo, ta miƙa wa kociyoyin da ke benci, wasu masu sharhin besbol a Amurka ke ta tafi, wai zamani ne ya zo. Wane zamani? An ɗauki mutumin da ya fi kowa kusa da abin da ke faruwa an mai da shi ɗan aike.

Mai cafe a tsugune yake bayan mai duka, har numfashinsa yana ji. Yana ganin inda ya dasa ƙafa, ko ya matso gaba don gudun jifa mai lanƙwasa, ko sandarsa ta makara a bugun da ya wuce. A tafin hannunsa kuma yake gane lafiyar mai jifa: ƙwallon yau da kaifi take zuwa ko a mace. Koci yana can gefe da takardar alƙaluma, labarin jiya da shekaranjiya yake karantawa.

Mai cafe Yadier Molina ya yi kaka 19 a ƙungiyar St. Louis Cardinals, shi da mai jifa Adam Wainwright sun fara wasa 328 tare. Da ido kawai suke magana. A wace kwamfuta za a zuba wannan?

Sai a ce aiki ya yi wa mai cafe yawa, a rage masa. Uzuri ne kawai. Asalin ɓarnar daga jami'o'in Amurka ta faro, inda galibi koci ke zaɓen kowace jifa, yaro ya gama bai taɓa yanke shawara da kansa ba. Ka hana shi zuwa gona, sannan ka zo kana cewa bai iya riƙe fartanya ba!

Ko na'urar PitchCom, wadda ake dannawa don sanar da irin jifar da za a yi, da aka shigo da ita a 2022, bayan abin kunyar satar alamun jifa na ƙungiyar Houston Astros, tsakanin mai cafe da mai jifa aka yi ta. Ga agogon da ke ƙayyade lokacin jifa yana gudu, daƙiƙa 15 in babu kowa a kan tasha (inda mai gudu ke tsayawa bayan duka), 18 in akwai, amma an ƙaro zango: mai cafe ya waiga benci, ya karɓi alama, ya danna na'urar. Ranar da jifar ta jawo asara kuma, shi da mai jifa kyamara za ta haska, wanda ya zaɓa yana inuwa.

Koci ya zauna da su kafin wasa, ya zube alƙalumansa, in sun dawo benci ya yi gyara. Da sun koma fili, ya ja bakinsa.